TAN-TAN DA INJIN SHUKA: WAIWAYE ADON TAFIYA

Gabatarwa

Da farko ina neman afuwar 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, domin na san an saba ganin waƙa da nahawu da tarihin sarauta a cikin wannan mujalla, ga shi ni kuma na zo da maganar ƙarfe da baƙin mai. Dalili kuwa shi ne, a hutun da ya wuce na tarar da ƙungiyar manoman garinmu cikin muhawara. Shekara huɗu ke nan suna tara kuɗi, kowace kaka kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har wani banki ya yarda zai cika musu da rance su sayi tarakta, watau abin da mutanenmu ke kira tan-tan. Wani dillali ya kawo musu takarda mai hotuna. A ciki akwai wata ƙatuwa mai ƙarfin doki 150, tana jaye da injin shuka mai faɗin mita 6, akwai kuma matsakaiciya mai ƙarfin doki 75. Samari suka ce sai babbar, don a san garinmu ya ci gaba. Dattawa suka yi gum.

Kawuna shi ne ma'ajin ƙungiyar. Bayan sallar isha'i ya kira ni zaure, ya miƙo mini takardar, ya ce, "Ɗan nan, ku ne kuka yi boko. Duba mana wannan, kada mu zuba gumin shekara huɗu a rijiya." Na ce, "Kawu, ai ni tarihi nake karantawa, ban san kan inji ba." Ya ce, "To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Je ka bincika mana waɗanda suka riga mu saye, ka ji yadda suka ƙare."

Abin da na samo ke nan nake so in shimfiɗa a nan, domin na tabbata da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma ba a rasa ranar da za a miƙo wa wani irin wannan takarda.

Asalin Injin Shuka

Mu a ƙasar Hausa shuka aikin mutum biyu ce. Ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. A Ingila ta da kuwa, watsa iri ake yi da hannu kamar mai watsa wa kaji tsaba. Tsuntsaye su kwashi rabonsu, wani iri ya faɗi a sarari, wani ya cunkushe wuri guda, in ciyawa ta taso kuma babu hanyar da za a shiga a nome ta. A wajen shekarar 1701 wani manomi mai suna Jethro Tull ya ƙera wani akwati mai ƙafafu wanda doki ke ja, yana tsaga ƙasa, yana zuba iri a layi bisa zurfi ɗaya, yana rufewa. Ba shi ne ya fara wannan dabara a duniya ba, domin mutanen Sin sun riga shi da ƙarnuka masu yawa, amma nasa ne ya yi suna a Turai.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, littafin da Tull ya wallafa a 1731 a kan nome ciyawa da doki yake magana. Watau ya jera shukarsa a layi ne domin fartanyar da doki ke ja ta sami hanyar ratsawa tsakanin layuka. Ashe tun fil azal injin shuka da injin nome ciyawa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, rabin dabarar kawai ya saya.

Har ila yau, injin shuka iri biyu ne. Akwai mai tsiyayar da iri ba yankewa a layuka matsattsu, santimita 12 zuwa 20 tsakaninsu, wanda aka yi domin alkama da sha'ir da shinkafa. Akwai kuma mai ajiye ƙwaya ɗai-ɗai a layuka masu tazara, kamar santimita 75, domin masara da gyaɗa da auduga da waken suya. Da na ƙura wa hoton dillalinmu ido, sai na ga irin na farko ne, alhali kuwa babu mai noman alkama ko ɗaya a garinmu.

Yadda Turawa Suka Koyi Zaɓen Tarakta

Kada mu ɗauka su waɗanda suka ƙera tarakta ba a taɓa cutarsu ba. A farkon ƙarni na 20 kamfanoni barkatai suka cika Amurka da taraktoci, kowa yana yabon tasa, da yawa kuwa ba su kai abin da aka rubuta a takarda ba. Wani manomi ɗan majalisar Jihar Nebraska mai suna Wilmot Crozier ya sayi ɗaya, ta ƙi aiki. Ya kai magana majalisa, a 1919 aka kafa doka cewa ba za a sayar da kowane samfurin tarakta a jihar ba sai jami'ar jihar ta gwada shi ta bayyana ainihin ƙarfinsa, kuma tilas kamfani ya ajiye kayan gyara a cikin jihar. A 1920 aka fara gwajin. Mai karatu ya lura da abu biyun da dokar ta kama: gaskiyar ƙarfi, da samuwar kayan gyara kusa.

Sa'an nan taraktar da ta kori doki daga ƙananan gonakin Ingila ba ƙatuwa ba ce. Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa, ya fito da dabarar maƙala garma a bayan tarakta a wuri uku, yadda direba zai ɗaga ta ya sauke ta daga mazauninsa, kuma nauyin ƙasar da garma ke ja ya koma kan tayoyin baya ya ƙara musu riƙo. Da wannan dabara tarakta marar nauyi ta iya aikin da a da sai mai nauyi. A 1946 aka fara ƙera ƙaramar taraktarsa, TE20, a birnin Coventry, ƙarfinta doki ashirin da 'yan kai, kuma kafin a daina ta a 1956 an ƙera fiye da 500,000. Ta karɓu ne domin tana shiga ƙofar gona, tana juyawa a ƙaramin fili, kuma an yi mata kayan aiki daidai jikinta.

Gonar Bahaushe Da Garmar Shanu

Kafin mu ga abin da ya faru da injuna suka iso Afirka, ya kamata mu tuna yadda gonarmu take. Ruwan farko in ya sauka a shuka gero, wani ma ya riga ya yi binne. Bayan mako biyu ko uku a ratsa dawa a tsakani, can kuma a sa wake ko gyaɗa, sau da yawa a gicciye, abin da ake kira gicci. Daga nan sai firi, sai maimai, sai huɗa. Duk manomi ya san ba shuka ce ke karya ƙugu ba. Wahalar tana cikin 'yan makonnin nan na firi da maimai, sa'ad da ciyawa ke tsere da amfani, ɗan ƙwadago ya yi tsada, rumbu kuma ya yi ƙasa.

A 1928 Ma'aikatar Gona ta fara shirin noma da shanu a Arewa da manoma 3 kacal. Ana ba mutum rancen bijimai biyu da garma ta hannun En'e, ya biya sannu a hankali. Garmar da ta fi yaɗuwa ita ce Emcot ta kamfanin Ransomes na Ingila. Shirin ya yi tafiyar hawainiya da farko, amma kafin samun mulkin kai masu shanun huɗa sun kai dubbai, kuma har yau garmar tana aiki a ƙauyukanmu. Me ya sa? Domin ta tarar da manomi yana noma a kunya, ita ma kunya take yi. Tana tayar da kunya kafin shuka, ta dawo ta yi huɗa ta binne ciyawa, watau ta sa hannu a daidai inda aiki ya fi tsanani. Abincin shanu harawa ce da kara, kashinsu taki ne, bakin garma in ya cinye maƙerin gari ya san yadda zai yi da shi. In bijimai sun tsufa a sayar da su da riba. Tarakta kuwa in ta tsufa, sai 'yan gwangwan.

Gyaɗar Tanganyika

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙarancin man girki. A 1946 Frank Samuel, shugaban kamfanin U.A.C., ya ba gwamnati shawarar a share daji a Tanganyika, wadda yanzu take cikin Tanzaniya, a noma gyaɗa da injuna. Aka tsara share fiye da eka miliyan 3, aka fara aiki a Kongwa a 1947. Sabbin injuna ba su samuwa a lokacin, sai aka kwaso ragowar na sojan Amurka daga tsibiran Filifin, aka kuma sa kamfanin Vickers ya mai da tankokin yaƙi samfurin Sherman su zama taraktoci, aka raɗa musu suna Shervick. Don kayar da itatuwa har sarƙar jirgin ruwa aka riƙa ɗaurawa tsakanin katafila biyu suna ja.

Itatuwa sun faɗi, amma saiwoyi suka tsaya a ƙasa suna karya kayan aiki. Ƙasar Kongwa in ta bushe takan yi tauri kamar tubali, tana cinye bakin garma, tana riƙe gyaɗa ta hana tono. Ruwan sama kuma bai isa ba, abin da mazaunan wurin suka daɗe da sani. A Janairun 1951 gwamnatin Ingila ta haƙura, bayan asarar kimanin fam miliyan 36. Abin takaici, a daidai waɗannan shekaru dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, gyaɗar da talakawa suka noma da fartanya da garma, tana jiran taragon jirgin ƙasa da zai kai ta bakin teku.

Mokwa, 1949 zuwa 1954

Wannan zazzaɓi na noman gyaɗa da inji bai tsaya a Gabashin Afirka ba. A 1949 Hukumar Raya Ƙasashen Mulkin Mallaka ta Ingila, watau C.D.C., ta haɗa jari da Gwamnatin Nijeriya suka kafa kamfanin noma a Mokwa, cikin ƙasar Nufe, a Lardin Neja na wancan zamani. An zaɓi wurin domin ga fili fetal ba mutane da yawa, ga hanyar jirgin ƙasa ta ratsa. Tsarin shi ne kamfani zai share daji, ya gina ƙauyuka, ya yi kaftu da shuka da injuna. Manomin da aka zaunar kuma zai kula da eka 24 na gyaɗa da dawa da sauran amfani, ya nome ciyawa, ya yi girbi. In kaka ta yi, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya ɗauki kashi ɗaya. Ƙauyen farko an sa masa sunan Etsu Nupe na lokacin, Muhammadu Ndayako.

A takarda abin gwanin sha'awa. A gona kuwa matsaloli suka taso ɗaya bayan ɗaya. Share daji ya ci kuɗi fiye da yadda aka zata, kuma kututture da saiwoyin da suka rage suka riƙa lalata garemani da injunan shuka waɗanda aka ƙera domin gonakin Turai da aka shekara ɗaruruwa ana nomawa. In ƙarfe ya karye sai an jira na canji daga ƙetare, damina kuwa ba ta jiran jirgin ruwa. Ba a tsaya an gwada ƙasar wurin da irin da zai karɓe ta ba kafin a zuba jari.

Amma babban kuskuren yana cikin lissafin aiki. Iyalin da ke noma da hannu 'yan ekoki kaɗan suke iya riƙewa, kuma abin da ke iyakance su shi ne ciyawa. Tarakta ta zo ta buɗe eka 24, injin shuka ya shuke su cikin ɗan lokaci, sa'an nan aka miƙa wa mutum da matarsa fartanya aka ce su nome. Da yake an shuka duka kusan lokaci ɗaya, ciyawar ma lokaci ɗaya ta taso. Wani masanin tattalin arziki, K.D.S. Baldwin, wanda ya rubuta littafi a kan shirin a 1957, ya lissafa ya nuna aikin da ake bukata daga iyali ɗaya cikin 'yan makonnin noma ya ninka abin da jikin ɗan Adam zai iya sau da yawa. Inji ya sauƙaƙa abin da dama bai fi ƙarfin manomi ba, ya kuma tula masa kaya a inda dama yake nishi. Ciyawa ta ci gonaki, amfani ya yi ƙaranci, daga ɗan abin da aka samu kuma kamfani ya kwashi kashi biyu.

Ban da haka, su wa za su zo? Mutanen yankin ba su rasa ƙasar noma ba, saboda haka babu dalilin da zai sa magidanci ya bar garinsu da danginsa ya koma inda za a faɗa masa abin da zai shuka da ranar da zai shuka, gonar kuma ba tasa ba. Iyalan da aka samu suka zauna ba su kai 200 ba. A 1954 C.D.C. ta janye, aka bar wa Gwamnatin Jihar Arewa wurin, daga baya ya zama tashar binciken aikin gona. Irin wannan shiri da aka yi a Damongo ta ƙasar Gonja, a Gana ta yanzu, shi ma bai kai ko'ina ba.

Inda Babban Inji Ya Zauna: Gadarif

Don kada a ce na tsani babban inji, bari mu leƙa inda ya sami gindin zama. A gabashin Sudan, a yankin Gadarif, an fara noman dawa da tarakta a wajen 1945, kuma a 1968 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman domin wannan irin noma. Ƙasar wurin baƙar laka ce, shimfiɗaɗɗiya iyakar ganin ido, mai nauyin da fartanya ba ta iya mata sosai. Ana yanka gonaki manya-manya, feddan 1,000 ko fiye ga mutum ɗaya, feddan kuwa ya ɗara eka kaɗan. Amfani iri ɗaya ake shukawa a fili, dawa ko riɗi. Kayan aikin da suka dogara da shi wani faffaɗan haro ne mai fayafai da akwatin iri a kansa, yana kashe ciyawar farko yana shuka a tafiya ɗaya. A nan girman inji ya dace da girman fili da irin ƙasa.

Duk da haka, nome ciyawa da yankan dawa da riɗi sun daɗe suna hannun 'yan ƙwadago dubbai, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa da kakanninsu suka zauna a can a kan hanyar Makka. Watau abin da Mokwa ta rasa, hannun nome ciyawa, Gadarif ta same shi ne da kuɗi. Kuma ƙasar ta biya nata farashin: an share dazuzzuka, an toshe burtalan makiyaya, an yi ta maimaita dawa a fili ɗaya har ƙasa ta gaji, ƙuduji ya yi yawa, masu hali suka riƙa barin tsohon fili suna buɗe sabo.

Zamanin Kuɗin Man Fetur

Mu koma gida. Tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa aka fara ajiye taraktocin haya a ma'aikatun gona, da aka ƙirƙiro jihohi kuma kowace ta buɗe nata. Kuɗin mai ya shigo, aka yi shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, aka yi shirin juyin noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a 1980. Aka kafa masana'antar haɗa taraktocin Steyr a Bauchi, ana haɗa na Fiat a Kano, ga kuma wasu samfurori iri-iri da ake shigowa da su daga ƙasashe dabam-dabam, kowanne da nasa kayan gyara da ba ya shiga na wani. Da farashin mai ya faɗi, aka kuma karya darajar naira daga 1986, kayan gyara suka gagari ma'aikatu. Wanda duk ya taɓa zagayawa bayan tsofaffin ofisoshin gona ya ga sakamakon. A namu garin akwai gawar wata tarakta da muka yi wasan ɓuya a cikinta muna yara, yanzu awaki ke shan inuwarta. Dattawa sun ce damina uku ta yi aiki.

Taraktar haya kuma tana da ciwon da ba ya jin magani: kowa yana bukatarta a mako ɗaya. Mai hanya ya samu da wuri, talaka ya jira har lokacin shuka ya wuce, alhali da ya kama garmarsa da tuni ya gama.

A wannan zamani ne binciken David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda suka fara a ƙauyukan Zariya tun shekarun 1960, ya tabbatar wa masana abin da manoma suka sani. Sun samu mafi yawan gonaki haɗa amfani ake yi a cikinsu, kuma wannan haɗin ba jahilci ba ne, domin yana ba da riba mafi yawa a kowace eka, yana kuma kare gida in wani amfanin ya ƙi. Sun kuma nuna cewa ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin nome ciyawa, shi ne ke ƙayyade girman gonar mutum. Injin shuka mai faɗi kuwa amfani ɗaya ya sani, a fili ɗaya, a rana ɗaya.

Gaskiya ne abubuwa sun sauya tun daga lokacin. Masara ta yaɗu a Arewa bayan shirye-shiryen raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara a tsakiyar shekarun 1970, kuma ana yawan shuka ta ita kaɗai. Maganin feshin ciyawa ya shiga kowane ƙauye, ya rage nauyin firi. Saboda haka injin shuka yana da wuri a yau fiye da zamanin Mokwa. Sai dai tambayar ba ta sauya ba: wane inji, a wace gona?

Abin Da Na Faɗa Wa Kawu

Da na koma gida na zauna da shugabannin ƙungiya, na ce ni ban zo da sunan kamfani ba, tambayoyi biyar na zo da su, waɗanda tarihi ya ba ni.

Ta farko, yaya girman gonakinmu yake, kuma ina suke? Injin shuka mai faɗin mita 6 in yana tafiyar kilomita 8 a awa, lissafi ya nuna zai rufe hekta 4.8 a awa ɗaya, in ba a cire lokacin juyawa da zuba iri ba. Gonar da ta fi girma a cikin ƙungiyarmu ba ta wuce hekta 2 ba, sauran kuwa guntaye ne a warwatse. Zai gama kowace cikin mintoci, ya ƙare yininsa a kan hanya yana shan mai, in ma burtali ya bar shi ya wuce.

Ta biyu, wane aiki ne ya fi matse mu? In kaftu ne, a sayi abin kaftu. In ciyawa ce, to kuɗin da za a ƙara don girman tarakta gara a sa shi a injin huɗa da na feshi. Kada mu buɗe filin da ba za mu iya nomewa da girbewa ba, mu maimaita Mokwa da kuɗinmu.

Ta uku, me muke shukawa, kuma a kan wace ƙasa? Mu masu masara da dawa da waken suya ne, saboda haka injin ƙwaya ɗai-ɗai mai layi biyu ko huɗu ya fi dacewa da mu, kuma tilas tazarar layukansa ta yi daidai da tazarar tayoyin tarakta da ta injin huɗa, in ba haka ba tarakta za ta tattake abin da ta shuka. Ƙasarmu jigawa ce marar kauri. Garma mai nutsewa da yawa tana binne ƙasar sama mai albarka ta fito da ta ƙasa, inji mai nauyi kuma yana danne ƙasa in tana da laima. Ga gawo da ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina ya takince gona, ɗorawa da kaɗanya kuwa su ne jarin iyayenmu mata. Inji mai faɗi zai ce a sare su. Wa ya yarda?

Ta huɗu, in ta lalace ranar Talata a tsakiyar Yuni, wa zai gyara ta kafin Jumma'a? A je kasuwar kayan gyara mafi kusa a ga samfurin da kayansa ke kan tebur, a tambayi kanikawa wanda suka san cikinsa. Wannan shi ne darasin Nebraska da na awakin bayan ofishin gona.

Ta biyar, me za ta yi in damina ta wuce? Banki ba ya hutun rani. Matsakaiciyar tarakta tana jan garma mai faifai uku, da rani kuma ta ja tirela ta kai taki gona, ta kwaso amfani, ta juya injin casa. Babbar kuwa sai babban aiki, in babu shi ta kwanta, ruwan bashi yana hauhawa.

Na ƙara da cewa babbar tarakta da faffaɗan injin shuka suna da amfaninsu ga mai ɗaruruwan hekta a haɗe, shararru, masu amfani iri ɗaya, wanda yake da bakanike da rumbun kayan gyara nasa. Ranar da muka yarda muka haɗa gonakinmu muka zama haka, sai a sake magana.

Kammalawa

Samari ba su ji daɗin bayanina ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce da irin wannan tsoro ba za mu taɓa barin fartanya ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ne ke sunkuye a rana, ni ina aji. Na ce masa ni ma so nake a bar ta, amma a bar ta bari na har abada, kada a ajiye ta damina uku a dawo a ɗauka da bashi a wuya. A ƙarshe aka tsai da shawara a auna gonar kowa, a aiki mutum biyu birni su zaga wurin kanikawa da masu kayan gyara, a dakatar da saye sai bayan kaka. Kawu ya naɗe takardar dillali ya sa a aljihu, ya ce da ma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ina roƙon 'yan'uwa da ke sashen aikin gona da na injiniya su gyara mini inda na yi kuskure, su kuma faɗaɗa wannan magana da Hausa, domin masu biyan kuɗin injunan nan da Hausa suke shawara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare gumin talaka, amin.